Manhajar TikTok: Asalinta Da Dalilin Da Ya Sa Wasu Gwamnatoci Ke Ɗari-Ɗari Da Ita

Kamar yadda jama'a suka sani, a 'yan shekarun nan manhajar TikTok ta shiga hannun matasa birni da ƙauye. Sai dai kuma lokaci zuwa lokaci ana jin labari a rediyo cewa wata ƙasa ta haramta ta, ko ta umarci ma'aikatanta da su goge ta daga wayoyinsu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani, musamman dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Kamfanin ByteDance, wanda Zhang Yiming ya kafa a birnin Beijing na ƙasar Sin a 2012, shi ne ya ƙirƙiro manhajar. A 2016 ya fito da Douyin domin mutanen Sin, sannan a 2017 ya fito da TikTok domin sauran ƙasashe. A ƙarshen wannan shekara ya sayi wata manhaja mai suna Musical.ly da ta yi farin jini a Amurka, ya haɗe su a 2018. A watan Satumba na 2021 kamfanin ya sanar da cewa masu amfani da TikTok a kowane wata sun kai biliyan 1.

Abin da ya jawo mata wannan karɓuwa shi ne ba ta jiran mutum ya nemi abin kallo. Tana lura da bidiyon da ya tsaya a kai, da daƙiƙoƙin da ya ɓata, da wanda ya maimaita da wanda ya wuce, sai ta riƙa kawo masa irin abin da ransa ke so, ko da bai iya karatu ba. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin kafin ta iya yin haka sai ta tattara bayanai: irin wayar mutum, yankin da yake, har da lambobin da ke cikin wayarsa idan ya ba ta izini.

Gaskiyar magana, Facebook da takwarorinta ma suna tattara irin waɗannan bayanai. Bambancin da gwamnatoci ke nunawa shi ne dokar leƙen asiri da ƙasar Sin ta kafa a 2017, wadda sashe na 7 nata ya wajabta wa kamfanoni da 'yan ƙasa ba hukumomin leƙen asiri haɗin kai. Fargabar ita ce hukumomin Sin na iya neman bayanan ma'aikatan wata ƙasa, ko su sa baki kan abin da ake nuna wa miliyoyin mutane a lokacin zaɓe ko rikici. Kamfanin ya sha musanta cewa ya taɓa miƙa wa gwamnatin Sin bayanai. Amma a watan Disamba na 2022 ya amsa cewa wasu ma'aikatansa sun leƙa bayanan 'yan jarida ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma sallame su. A ganinmu wannan lamari ya raunana hujjarsa ƙwarai.

Indiya ce ta ɗauki mataki mafi tsauri. Ranar 29 ga Yuni, 2020, makonni biyu bayan arangamar kan iyaka da dakarun Sin wadda ta hallaka sojojinta 20, ta haramta TikTok tare da wasu manhajoji 58. Kanada da Birtaniya da hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai kuwa, a farkon 2023 sun hana ta ne kawai a wayoyin aiki na gwamnati, suka bar jama'a da zaɓinsu.

A Amurka an fi jan magana. A watan Afrilu na 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ce ko dai ByteDance ya sayar da reshensa na Amurka ko a rufe shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a Janairun 2025, har manhajar ta ɗauke na wasu sa'o'i, kafin Shugaba Donald Trump ya yi ta ƙara wa'adi. A Janairun 2026 aka miƙa reshen ga wani sabon kamfani da Oracle ke cikin masu hannun jari, aka bar wa ByteDance kashi 19.9 cikin ɗari.

A nan gida Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Duk da haka, muna jan hankalin jami'ai cewa wayar da ke ɗauke da hotunan takardun ofis, ko lambobin 'yan sintiri da jami'an tsaro, ba ita ce ta dace da TikTok ba. Wanda ya riga ya saka ta zai iya shiga saitin wayarsa ya janye izinin ganin lambobi da hotuna da wurin da yake. Haka kuma muna roƙon iyaye su hana yara ɗaukar bidiyon shingen jami'an tsaro ko garken dabbobin gari suna yaɗawa, domin wannan kowa na iya gani, har da ɓata-gari.