Kafin a raba tarakta gida biyu: sanin ciwon kuloci da maganinsa

Ruwan farko ya sauka, kowa na neman a yi masa haro kafin ƙasa ta bushe, sai ga tarakta a tsakiyar gona tana ruri ba ta gaba. Direba ya ƙara totur, inji ya ƙara kuka, tayoyi kuwa sai jan jiki suke kamar an ɗaure su. Can sai warin ƙauri ya taso daga ƙarƙashin ƙafarsa. Da jin haka mai tarakta zai dafa kai, don ya san kuɗin bakanike da na kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba wasa ba ne. Amma sau da yawa maganin bai wuce sifana ɗaya da minti ashirin ba.

Kuloci shi ne mai haɗa inji da giyabos, shi ne kuma mai raba su. Akwai faranti mai ɓawo kamar na birki, wanda sifirin-sifirin ke matse shi a jikin babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Idan aka taka feda, wani boris ya tura 'yan yatsun ƙarfe, matsin ya saki, farantin ya huta. A tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 kuma har gobe tana kaftu a gonakin Arewa da injinta na Perkins mai silinda uku, kulocin yakan zo hawa biyu. Takun farko yana tsayar da tafiya, takawa har ƙasa kuma yana tsayar da sandar baya mai juya injin sussuka ko famfon ruwa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne lilon feda. Idan aka danna ta da hannu, tana ɗan sauka salin alin kafin a ji ta yi tauri. Wannan ɗan sakin, wanda a yawancin ƙananan taraktoci bai wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba (littafin kowace tarakta na ɗauke da ainihin awonta), shi ne ratar da ke tsakanin boris da yatsun. Yayin da faranti ke cinyewa, ratar tana raguwa har ta ɓace. Daga nan boris ya zauna a kan yatsu dare da rana, tamkar direba bai taɓa ɗage ƙafarsa ba, kuloci ya fara zamewa. A 135 gyaran a waje yake: a sassauta notin da ya damƙe feda a kan sandarta, a juya sandar har a ji boris ya taɓa yatsu, a daidaita feda a kan awo, a ɗaure. Shi ke nan.

Gwajin zamewa ba ya buƙatar kayan aiki. A fili, nesa da yara da katanga, a haɗe birkunan biyu a take su sosai, a sa babbar giya, a saki kuloci sannu a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan inji ya ci gaba da aiki bayan an ɗage ƙafa gaba ɗaya, kuma lilon feda daidai yake, to faranti ya ƙare ko mai ya jiƙa shi.

Shi man yana tona kansa. A ƙasan gidan kuloci akwai ɗan rami da wata 'yar ƙusa ke reto a ciki don kada ya toshe, ko da yake laka da zanzaro sukan yi nasu aikin. A zungure shi da waya. Idan baƙin mai ya ɗigo, robar da ke tare mai a bayan inji ce ta mutu. Idan mai haske ne, ta gaban giyabos ce. Farantin da ya sha mai yakan sa tarakta fizga da karkarwa lokacin tashi, kuma wanke shi da fetur jinkirta ciwo ne kawai.

Akwai kishiyar wannan cuta: an taka feda har ƙasa amma giya ta ƙi shiga, sai gurnani. Wani lokaci lilon ne ya yi yawa. Amma idan tarakta ta kwana biyu a ajiye, misali tun ƙarewar huɗa har aka fito da ita jan tirelar kaka, damshin Agusta ne ya sa tsatsa ta manne faranti da faifan inji. A kashe inji, a sa babbar giya, a ɗaure feda a ƙasa, majiya ƙarfi su yi ta jijjiga ta gaba da baya har a ji ta ɓalle. Masu dabara tun ranar ajiyewa suke tokare feda da guntun katako. Ƙarar da ke tasowa sai an taka feda, ta yi shiru in an saki, wannan boris ne, kuma babu abin da ke kashe shi da wuri kamar direba mai mai da feda wurin hutar da ƙafa.

In ciwon na ciki ne, sai rabawa. Irin wannan tarakta ba ta da wani ƙashin baya daban. Inji da giyabos da aka ɗaure da juna su ne gangar jikinta, saboda haka dole a kwance ta a tsakiya, a ja gaba daban da baya. Ana iya yi a gida, amma a kan daɓe mai tauri da ya miƙe, ba a rairayin tsakar gida ba. A cire batir, a tare tayoyin baya, a tokare rabi da katako mai kauri, a ɗora ɗayan rabin a jak mai tayoyi. Abin da sababbin hannu suka fi mantawa shi ne cusa katako tsakanin gatarin gaba da jikin tarakta ta kowane gefe. Gatarin yana lilo ne a kan ƙusa ɗaya, kuma da zarar an raba, inji na iya kifewa kan wanda ke durƙushe kusa da shi.

Tunda an sha wahalar buɗewa, rowa ce a canza faranti kaɗai a bar tsohon boris da robobin mai. Kada a hure ƙurar ciki da baki, don tsofaffin faranti na iya ɗauke da asbestos mai illa ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen mayarwa, sai an saita faranti a tsakiya cif da sandar saiti, sannan a turo ɓangarorin biyu a hankali ana ɗan juya sandar baya da hannu har haƙora su shiga juna. Idan sun tsaya da ratar yatsa guda suka ƙi haɗuwa, a ja baya a sake saiti. Wanda ya matse su da noti da ƙarfin tsiya zai lanƙwasa sabon farantin, washegari ya sake kwance abin da ya ɗaure.