Saniya, Horo da Adashi: Me Bincike Ya Gano Kan Fitar da Talaka Futuk Daga Talauci?

A cikin talakawa ma akwai hawa-hawa. Akwai mai 'yar sana'a da jari ya yi wa ƙaranci, akwai kuma wanda ba gona, ba dabba, sai ƙwadago in an samu, hannu baka hannu ƙwarya. Wannan na biyun shi ake kira talaka futuk, kuma matsalarsa ta wuce rashin kuɗi. Ba a sa shi a adashi, don ana tsoron ba zai iya zubi ba. Mai kanti ba ya ba shi bashi. In ana biki a unguwa yakan ƙi zuwa, don ba shi da gudummawar kaiwa. In ana taron gari ba a neman ra'ayinsa. A hankali sai ya zama saniyar ware, wato abin da masana zamantakewa ke kira wariya. To, wane irin tallafi ne ke iya kaiwa ga irin wannan mutum, har ya ɗore?

Inda abin ya samo asali

Ƙungiyar BRAC ta ƙasar Bangaladash, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta shahara wajen ba wa mata ƙananan rance. Amma daga baya ma'aikatanta suka lura cewa matan da suka fi kowa talauci ba sa cikin masu karɓa. Wasu tsoron bashi ke hana su, wasu kuma ƙungiyoyin rancen ne ba sa son ɗaukarsu. Ka ga ke nan shirin da aka yi don talaka ya tsallake wanda ya fi kowa buƙata.

A 2002 sai BRAC ta fito da wani tsari daban, wanda yau ake kira tsarin yayewa. Ana ba mace kadara kyauta, galibi saniya ko awaki. A koya mata yadda za ta kula da su. A riƙa ba ta ɗan kuɗin abinci na wasu watanni, don kada yunwa ta sa ta sayar da dabbar. A buɗe mata hanyar ajiya, a wayar mata da kai kan lafiya, sannan wani ma'aikaci ya riƙa ziyartar gidanta a kai a kai. Bayan kamar shekara 2 sai a janye tallafin, a bar ta ta tsaya da ƙafarta.

Ta yaya aka san yana aiki?

Nan fa ake yin kuskure. In ka ba mutane awaki, ka dawo bayan shekara 2 ka tarar sun samu ci gaba, ba ka da tabbacin awakin ne sanadi. Wataƙila damina ce ta yi kyau a yankin gaba ɗaya. Shi ya sa masu bincike ke amfani da ƙuri'a: a tantance gidajen da suka cancanta, ƙuri'a ta raba su biyu, wasu su shiga shirin, wasu su zama ma'auni. Tunda ƙuri'a ba ta san kowa ba, rukunan biyu suna farawa daidai, kuma bambancin da aka gani daga baya daga shirin ya fito.

Haka Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a ƙasashe 6: Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, da gidaje sama da 10,000. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2015. Shekara 1 bayan an janye tallafi, gidajen da suka shiga shirin sun fi sauran cin abinci, sun fi su kadara, sun fi su ajiya. A ƙasashe 5 amfanin da aka lissafa ya zarce kuɗin da aka kashe. Honduras ce kaɗai aka yi asara, inda cuta ta kashe da yawa daga kajin da aka raba. Banerjee da Duflo, tare da Michael Kremer, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2019 saboda irin wannan hanyar bincike.

Me ya sa ba a raba dabba kawai a huta?

Tambaya ce mai kyau, don ziyarar gida-gida tana cin kuɗi sosai. An gwada hakan a arewacin Gana: wasu gidaje aka ba su awaki kaɗai, wasu hanyar ajiya kaɗai, wasu cikakken shirin. Cikakken shirin ne ya bar tasiri mai ɗorewa a kan kuɗin shigar gida. Awaki su kaɗai ba su yi ba.

Wani binciken na Clare Balboni da abokanta, da ya bi dubban gidaje a Bangaladash tsawon shekara 11, ya ƙara haske. Sun gano akwai wata iyaka ta yawan kadara. Wadda saniyar da aka ba ta, haɗe da ɗan abin da take da shi, ta haurar da ita wannan iyakar, sai dukiyarta ta ci gaba da ƙaruwa. Wadda ba ta kai ba, sai ta zame ta koma gidan jiya. Wannan shi ne tarkon talauci. Ma'anarsa dai, ba lalaci ke riƙe yawancin waɗannan mata a aikin ƙwadago ba, rashin jarin da zai ƙetarar da su ne. Kuma tallafin da bai kai iyakar ba yana iya ƙarewa a cefane, bai canza sana'ar kowa ba.

Darasi daga Nijar

A Jamhuriyar Nijar an gwada tsarin a cikin shirin gwamnati na ba mata tallafin kuɗi, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2022. Duk matan da suka shiga an sa su a ƙungiyoyin adashi da rance, aka koya musu dabarun kasuwanci. Bayan haka wani rukuni ya samu jari dunƙule, jaka 80 na sefa. Wani rukunin bai samu jarin ba, sai horo kan yarda da kai, tsara buri da iya magana, tare da nuna wa jama'ar gari fim a tattauna kan sana'ar mata, mazaje da dattawa suna wurin. Rukuni na uku ya samu duka biyun.

Duk rukunan sun samu ci gaba. Amma da aka auna riba da abin da aka kashe, waɗanda aka haɗa musu da horon nan da taron gari su suka fi. Dalilin ba boyayye ba ne: macen da mijinta da maƙwabtanta suka goyi bayan sana'arta ta fi samun damar zuwa kasuwa, da mai ba ta bashi, da mai ba ta shawara. Wato rage wariya da kansa jari ne.

Inda gizo ke saƙa

Tsarin yana da tsada, yana buƙatar ma'aikata da yawa masu gaskiya. Sakamakon ma ba iri ɗaya ba ne ko'ina: a Yammacin Bengal ta Indiya an ga tasirinsa bayan shekara 10, a Habasha kuwa tazarar ta ragu da tafiyar lokaci. Sannan ba zai gina asibiti ko hanya ba, ba zai kawo tsaro ba. Akwai kuma batun zaɓe: wanda aka ware daga taron gari shi ya fi sauƙin faɗuwa daga jerin sunaye.

A Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa. Don haka in ka ji an ƙaddamar da rabon awaki ko keken ɗinki, ga abin tambaya: Wa ya rubuta sunayen, kuma ta yaya? Jarin ya isa ya canza wa mutum sana'a? Me zai ci kafin sana'ar ta fara kawo kuɗi? Wa zai koma ya duba shi bayan wata 6? Da wa za a kwatanta shi a san ko shirin ya yi amfani?