Ruwan Lagireto: Gubar da ke Yaudarar Masu Mage da Kare

 Shirinmu na yau na masu kiwon mage da kare ne, amma duk mai mota a gida ya kasa kunne.

Kun san ruwan nan kore ko ja da makanike ke zubawa a lagireto? A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha, aikinsa hana ruwan injin daskarewa. A nan wajenmu kuwa yana hana ruwan tafasa da wuri, yana kuma hana tsatsa. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin itilin gilaikol, mai ɗan zaƙi-zaƙi. In ya ɗiga ƙarƙashin mota mage ta lasa, ko ta taka ta lashe ƙafarta, to an shiga matsala. Cokalin shayi ɗaya fa zai iya kashe mage.

Daga minti 30 zuwa awa 12 bayan sha, za ka ga dabbar tana tangaɗi kamar ta bugu, ga amai, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Can kuma sai ta wartsake, ka ce ai ta warke. To nan ne yaudarar take! A daidai lokacin hanta na juya sinadarin zuwa wasu gubobin da ke zama ƙananan tsakuwoyi suna toshe ƙoda. Ƙodar mage kan gaza cikin awa 12 zuwa 24, ta kare kuwa awa 36 zuwa 72.

Akwai magani, amma fa sai an yi sauri. Likitan dabbobi zai yi allurar fomefizol ko itanol ta jijiya, waɗanda ke hana hanta sarrafa gubar, ya kuma yi ƙarin ruwa domin ta fita ta fitsari. Mage tana da kamar awa 3 ne kacal, kare kuma awa 8 zuwa 12. In ƙoda ta riga ta lalace, da wuya a ceto dabbar.

Don Allah kar a tsaya ɗura mata manja ko madara, ba sa karya wannan gubar, ɓata lokaci ne kawai. Ɗauki dabbar, haɗa da jarkar ruwan, ka nufi asibitin dabbobi.

In ruwan ya zuba, a rufe shi da yashi a kwashe, a wanke wurin. Jarkar kuma a ɗaga ta sama, don yara ma tana kashe su.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.