Fizgar Inji Mai Zuwa Tana Tafiya: Yadda Ake Gano Tushenta A Mota Mai Turbo

A cikin cututtukan mota akwai wata wadda ɓuyanta ke sa ta cin kuɗi ƙwarai. Mota tana cikin tafiya lafiya lau, da ta kama hawan tudu, ko direba ya taka totur zai wuce babbar mota, sai inji ya shiga fizga, ƙarfinsa ya ragu. Jim kaɗan kuma ya koma daidai. In an kai ta gareji sai ta natsu kamar ba ita ba. Makanikai suna kiran wannan misin. Ya kamata Hakimai da malamansu su san hanyar bincikensa, gama su ne ke sa hannu a takardar kuɗin gyara, su ne kuma ke zaune ciki ran da motar za ta yi sanyi a gefen tirela, ga wata kuma tafe.

Kowane silinda yana bukatar abu uku kafin ya ba da ƙarfi: iska da fetur bisa gwargwado, watau kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Sa'an nan matsi. Sa'an nan tartsatsin wuta daga fulogi a kan kari. In ɗaya ya gaza, fetur bai ƙone ba, wannan zagaye ya tafi a banza, shi ne fizgar da ake ji.

Shi turbo, wani injiniya na ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabararsa a 1905, amma sai a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da ƙananan motoci masu shi. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta wadda ke ɗura iska cikin silinda fiye da abin da inji zai iya zuƙa da kansa. To, a nan gizo ke saƙar. Iskar da aka danne tana da wuyar ƙetarewa ga tartsatsi. Fulogin da bakinsa ya cinye ya buɗe, ko kwayil da ya gaji, suna iya aikinsu sa'ad da mota take tsaye inji yana silo. Amma da turbo ya cika silinda, sai wutar ta kasa tsallake bakin fulogi, ko ta sulale ta wata tsaga a jikin robar kwayil. Dalili ke nan da ya sa cutar ba ta nuna kanta a gareji, inda babu tudu, babu kaya.

Saboda haka farkon bincike aikin alƙalami ne. Malamin Hakimi ya buɗe shafi, duk ran da motar ta yi fizga direba ya faɗa masa ya rubuta: da sassafe ne ko bayan inji ya yi zafi, a tsaye ko a hawa, bayan ruwan sama ko wanki, a ina kuma aka sha mai na ƙarshe. Wadda ke zuwa wajen hawa kaɗai, galibi ta wuta ce. Wadda ke bin ruwa, danshi ne ya shiga ramin fulogi ko mahaɗar waya. Wadda ke zuwa da sassafe ta wuce bayan ɗan lokaci, ana tuhumar baƙin dattin da ke taruwa a kan bawul ɗin shigar iska, musamman a injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. In kuwa tare da ita ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, sai a ji tsoron gasket ɗin kan inji, ruwa ne ke ɗiga cikin silinda da dare.

Bayan wannan sai a tambayi ƙwaƙwalwar motar. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a ƙasashen Tarayyar Turai ga masu shan fetur, doka ta sa kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da soket mai baki 16 kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar karanta laifi. Lambar P0301 tana nufin silinda na 1 ne ke misin, P0302 na 2, haka har ƙarshe. P0300 kuwa tana nufin abin yana yawo, bai tsaya a ɗaya ba. Ƙwaƙwalwar takan ajiye har gudun inji da zafinsa a lokacin da abin ya faru. Don haka kada a yarda a cire kan batir ko a goge lambobin kafin a kwafe su a takarda. Makanikin da ya goge lamba ya ce ya gama gyara, fitilar kawai ya kashe.

Lamba tana nuna wuri ne, ba ta faɗin abin da ya lalace. Hanyar ganewa mai araha ita ce musanya. Alal misali na'ura ta ce P0302. Sai a ɗauke kwayil na silinda na 2 a sa a na 3, na 3 ya dawo na 2. A ɗauke fulogi na 2 a sa a na 4, na 4 ya dawo na 2. A goge lamba, a koma tudun nan da motar ta saba fizga. In laifin ya koma P0303, kwayil ne. In ya koma P0304, fulogi ne. In ya zauna a na 2 bai motsa ba, to, an wanke su duka biyu ba a kashe ko sisi ba, saura a duba nozil mai fesa mai da wayarsa, kana a auna matsin silindar a gwada shi da na sauran. Wajen cire fulogi a lura ko baƙin mai ya taru a raminsa, domin yana ɓata robar kwayil. A auna bakinsa kuma. Yawancin injuna masu turbo suna son 0.7 zuwa 0.8 na milimita, amma littafin motar shi ne alƙali.

P0300 ta fi ba da wahala, domin laifin yana cikin abin da silinda duka suka yi tarayya a kai. Famfon mai da ya raunana yakan wadatar a silo, ya gaza a hawa. Tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji yakan tsage, tsagar ba ta buɗewa sai matsi ya yi yawa, direba ma yakan ji huci. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana kuma ɓata ma'aunin iska da ke bayanta. Ga kuma man bumburutu da aka gauraya da kananzir ko ruwa, wanda injin turbo bai haƙura da shi kamar yadda tsofaffin motoci ke yi.

Fitilar inji in ta kama ta tsaya, ana iya lallaɓawa a kai gareji. In tana ƙiftawa, direba ya sassauta totur nan take ya nemi wurin tsayawa, gama ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin matatar hayaƙi ta salansa yana ƙonewa a can. Zafin yana iya narkar da cikinta, kuɗinta kuwa ya ninka na fulogi da kwayil sau da yawa. Bayan gyara, kafin a biya, a sake hawa tudun da motar, a sake jona na'ura, tsofaffin kayan da aka cire kuma a kawo su ofis a rubuta su a shafin nan.