Yadda Samariya ta kai matasan ƙauyukan Nijar gasar wasan kwaikwayo

Ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountche suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Jamhuriyar Nijar. Suka jingine tsarin mulki, suka rufe majalisa, suka hana harkar jam'iyya. Sai dai mulki ba ya tafiya da bindiga kaɗai. Ƙasar ta fito daga fari da yunwa, akasarin jama'arta manoma ne da makiyaya, kuma jam'iyyar PPN-RDA da ke isar da saƙon gwamnati har cikin ƙauye ta rushe. Sojojin na bukatar wata igiya da za ta haɗa Yamai da karkara. Suka same ta a cikin tsohuwar al'adar Hausawa: samariya.

Kalmar daga samari ta fito. Tun kafin zuwan Turawa, gari yakan yi sarkin samari, wanda ke tara matasa idan za a yi gayya a gonar wani dattijo, ko gyaran hanya, ko shagalin bayan girbi. Gwamnatin Kountche ta ɗauki wannan tsari ta mayar da shi na hukuma, ta shimfiɗa shi a duk faɗin ƙasa, har wuraren da ba Hausa ake ji ba. Kowane ƙauye da kowace unguwa suka sami tasu Samariya. Ita ke shuka itatuwa, ita ke gina azuzuwan makaranta, ita ke share gari, ita ce kuma ke fitowa tarbar manyan baƙi. Daga baya, da aka ƙirƙiro tsarin da gwamnatin ta kira al'ummar raya ƙasa, Samariya da ƙungiyoyin gama-kai na manoma suka zama ginshiƙansa biyu.

Wasan kwaikwayo ya shigo ta ƙofar gasa. Daga 1976 aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa a watan Afrilu, daidai da zagayowar ranar juyin mulkin, ana kewayawa da shi daga wannan babban birnin jiha zuwa wancan. Jihohi bakwai ne a lokacin: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Ana fafatawa a waƙa da rawa da wasannin motsa jiki, amma wasan kwaikwayo, wanda mutanen Nijar ke ce wa teyatur, na cikin abubuwan da suka fi jan jama'a. Ba a isa dandalin ƙasa kai tsaye. Sai ƙungiya ta yi nasara a matakin ƙasa-ƙasa, ta wuce gunduma, sannan jiha ta tace waɗanda za su wakilce ta. Ta haka ne saurayin da bai taɓa wuce kasuwar makwabta ba zai iya samun kansa cikin mota, an nufi wani birni mai nisan ɗaruruwan kilomita, da sunan jiharsa a wuyansa.

Yadda ake haɗa wasannin ya cancanci a tsaya a kansa. Yawanci ba a rubuta su kalma bayan kalma. 'Yan wasa kan zauna su amince a kan labari, su raba shi fitowa-fitowa, kowa ya san halin da zai ɗauka: alhaji mai rowa, boka maƙaryaci, uwar da ta kafe sai 'yarta ta auri mai kuɗi, ɗan cin rani da ya dawo daga Najeriya da rediyo da girman kai. Maganganun kuwa a wurin gwaji ake ƙirƙirarsu, wanda ya ba da dariya a riƙe shi, wanda ya faɗi ƙasa a watsar. Wannan ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba. Ba a bukatar Faransanci, ba a bukatar iya karatu; abin da ake bukata shi ne kunne da baki, da sanin yadda mai gari ke gyara murya idan zai yi ƙarya. Kuma ba baƙon abu ba ne ga jama'a, domin a ƙasar Hausa an daɗe ana kwaikwayon masu mulki a wasan kara da wasan gauta, ana kuma tashe da azumi. Wata manazarciya 'yar Amurka, Janet Beik, ta bi waɗannan ƙungiyoyi ta rubuta littafi a kan teyatur na Hausa a Nijar, wanda ya fito a 1987.

Ba a yi gasar a fili mai daidai ba. Ƙungiyoyin birni na da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, suna da gidan matasa da za su yi gwaji, suna kusa da gidan rediyo. Damagaram ta yi suna a wannan fage, kuma daga can ne Yazi Dogo, malamin makaranta, ya zama ɗan wasan da kusan duk mai jin Hausa a Nijar ya sani. Ƙungiyar ƙauye kuwa sai bayan an tashi daga aiki take haɗuwa, kuma da rani rabin samarinta sun tafi neman kuɗi.

To, me aka yarda a faɗa a kan dandalin? A nan ne lamarin ya zama na siyasa. Gwamnati ce mai gasa, ita ke ciyar da 'yan wasa, ita ke ba da kyauta, saboda haka jigogin da take so su ne ke samun kasuwa: illar ƙaura zuwa birni, tsadar aure, auren dole, amfanin asibiti da makaranta, haɗin kan ƙasa. Cin hanci ma na ciki, domin Kountche da kansa ya yi suna wajen tsanantawa ma'aikata, har yakan faɗo ofis ba sanarwa. Don haka ana iya fito da ɗan ƙaramin ma'aikaci mai karɓar na goro, ko ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, a yi masa dariya a gaban manyan jami'ai. Abin da ba a taɓawa shi ne kujerar da ke sama, da tambayar wa ya ɗora masu kaki a kanta. A ganina kuskure ne a kira wannan farfaganda zalla, kamar yadda kuskure ne a kira shi 'yancin faɗar albarkacin baki. Talakan da ya kalli ana kunyata irin jami'in da ya wulaƙanta shi jiya ya ga gaskiya a wasan, ko da ya san inda aka ja layi.

Kountche ya rasu a Paris a watan Nuwamba na 1987, Ali Saibou ya gaje shi. Kafin nan ma kuɗin yuraniyom da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan bukukuwa ya ja baya tun farkon shekarun 1980. A 1989 aka kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, aka jingina ta da tsare-tsaren da sojoji suka gina. Da babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, sai aka riƙa kallon Samariya a matsayin kayan tsohon mulki, matasa suka watse cikin jam'iyyu da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Tsanin gasar da ke hawa daga ƙauye zuwa ƙasa ya karye, domin dama ba ƙauyukan ne ke riƙe da shi ba.

Yau sojoji sun sake riƙe Nijar tun 26 ga Yuli, 2023, kuma a watan Maris na 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya rusa jam'iyyun siyasa. Matasan ƙauye ba su daina wasan kwaikwayo ba, sai dai yanzu da waya suke ɗauka, su tura a WhatsApp da TikTok, babu alƙalin gasa, babu motar jiha da za ta kai su birni.