Siminti ba bushewa yake ba: abin da ya sa bulo ke son ruwa

Da yawa daga cikin ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan suna aiko da kuɗi gida don a yi musu gini, amma kafin damina biyu sai a ji bango ya tsage, ko bulo yana marmashewa a hannu. Nan take sai a ɗora laifi kan kamfanin siminti. Sau tari ba nan matsalar take ba, tana wajen yadda aka bi da simintin bayan an kwaɓa shi.

Siminti dai dutse ne aka dafa. Ana haƙo dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da yumɓu, a niƙa, a zuba cikin wata doguwar tanda mai juyawa da zafinta ke kai digiri 1450. Ku kwatanta da zafin bazara a nan da ke kai 45 har mutane su rasa inda za su sa kansu. A wannan wuta duwatsun ke rikiɗewa su fito dunƙule-dunƙule, abin da ake kira kilinka. Shi ake niƙawa tare da ɗan jibsum, wanda aikinsa hana kwaɓin daskarewa tun magini bai gama shafe ba. Wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irin wannan siminti a 1824, kuma a nan ƙasarmu akwai masana'antarsa a Malbaza cikin jihar Tahoua.

To, ga inda ake kuskure. Mun saba da tubalin ƙasa, wanda ake shanyawa a rana: ruwa ya fita, tubali ya yi ƙarfi, in ruwa ya sake dukansa ya koma laka. Sai mutane suka ɗauka haka siminti yake. A'a. Shi siminti shanye ruwan yake, ruwan ya zama wani ɓangare na jikinsa. Da zarar garin ya haɗu da ruwa, kowace ƙwaya tana fara tsiro da wasu ƴan zarurruka da ido ba ya gani, su sarƙe da juna kamar saiwar ciyawa, su kama yashi da tsakuwa su ɗaure. Wannan tsiro ba a yini ɗaya yake ƙarewa ba. A kwana 7 kankare yana samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, kuma sai a kwana 28 injiniyoyi ke auna shi. Lambar nan 32.5 ko 42.5 da kuke gani a jikin buhu, ƙarfin da simintin zai kai ne a kwana na 28, in an kula da shi.

Idan rana ko iskar hunturu ta ɗauke ruwan tun a kwanakin farko, tsiron ya tsaya ke nan. Bulon zai yi fari, a ido kamar ya nuna, amma cikinsa gari ne. Shi ya sa ake ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko tabarma, a buga shi a inuwa in da hali. Mai buga bulon da ya sayar maka da na jiya, ko na shekaranjiya, ya cuce ka ko da bai rage siminti ba.

Amma kada a ce tunda yana son ruwa bari a malala masa wajen kwaɓi. Ruwan da ya wuce kima yana ƙafewa daga baya ya bar ƙananan ramuka, kowane rami kuwa rauni ne. Leburori na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗiba, mai gida ne ke biyan kuɗin wannan sauƙi. Yashin ma a duba: in ka damƙa shi da danshi ya bar maka laka a tafi, yumɓun zai shiga tsakanin siminti da yashi ya hana su kamuwa.

Rodi kuma fa? Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma in ana ja ko lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Ƙarfe ke rufe wannan giɓi a dakin da kan ƙofa. Sai dai dole kankare ya lulluɓe rodin sosai, domin tsatsa kumbura take, ta fasa kankaren daga ciki.

Buhun kilo 50 da aka ajiye a ƙasa mai danshi ya fara wannan aiki tun yana cikin takarda. In dunƙulen cikinsa bai murje da yatsa ba, kada a karɓa. Mai aiko da kuɗi daga nesa kuma, in ya kira waya, bayan ya tambayi buhu nawa aka saya, ya tambayi wa ke ba bulon ruwa, kuma kwana nawa aka yi ana ba shi.