Sabon Gem Ne, ko Tsohon Ne Ya Canza Riga?

Da la'asar sakaliya, a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi a jihar Zamfara, har ma da ƙananan garuruwa irin su Dauran, ba a rasa shagon da samari ke cunkushe a kan benci, ido a kan talabijin, janareto na ruri a waje. Doka guda ce kowa ya sani: wanda aka ci shi zai biya. Musu kuma ba ya ƙarewa. Wannan ya ce PES ta fi daɗin taɓa ƙwallo, wancan ya ce FIFA ce ke da sunayen 'yan wasa na gaskiya.

Musun ya girmi yawancin masu yin sa. Kamfanin EA Sports na Amurka ya fitar da FIFA ta farko a 1993, shi kuwa Konami na Japan ya zo da Winning Eleven, wadda daga 2001 aka san ta a Turai da sunan Pro Evolution Soccer (PES). Da yake EA ne ya riƙe lasisin gasar Firimiya, sai Konami ya riƙa laƙaba wa ƙungiyoyi suna: Manchester United ta koma Man Red, Chelsea ta koma London FC. Duk da haka matasa ba su guje ta ba. Waɗanda suka buga PES 6 ta 2006 har yau suna tuna harbin Adriano na Inter Milan, kamar yadda suke tuna gudun Obafemi Martins.

A nan, ba kwalliyar hoto ke zaɓar wa mai shago na'ura ba. Wuta da kuɗi ne. PlayStation 2, wadda Sony ya fitar a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 155, ba ta cin wuta sosai, ba ta neman intanet, kuma masu gyara sun san cikinta. Ko da aka daina yi mata sabon wasan ƙwallo bayan PES 2014, masu dabara sun ci gaba da sauya sunayen 'yan wasa da riguna a cikin tsohon, suna buga shi a faifai. Ita kuwa PlayStation 5 ta 2020 ta fito a kan dala 499, tana jan wuta ninkin-ba-ninkin, kuma wasanninta kan nemi a sauko da ƙarin gyara mai cinye data. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace awa ta janareto sai da lissafi. Shi ya sa da yawa suka tsaya a kan PS3 da PS4 na hannu.

Zamfara ta ga amfanin wannan tsayawa. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Masu buga PUBG da Free Fire a waya suka zauna jugum, alhali tsohuwar na'ura mai faifai ko a jikinta.

A ƙarshen wannan watan ne kuma Konami ya ajiye sunan PES, ya fitar da eFootball 2022 kyauta, wasan da ya jingina da intanet. Sabon abu ne tun daga tushe, amma bai nuna ba aka sauke shi. Fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya a duniya, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ashe sabunta abu kaɗai ba ya sa ya yi kyau.

Akwai kuma kishiyar wannan. EA ya yi shekara da shekaru yana sayar wa masu na'urar Nintendo Switch wasa iri ɗaya, sai dai a canza riguna da jerin 'yan wasa. Da FIFA 21 ta fito a 2020, mai sharhi a kafar IGN ya kwafo sharhinsa na shekarar da ta gabata ya sake liƙawa, don ya nuna cewa kamfanin ma abin da ya yi ke nan. Konami dai a wannan shekarar ya faɗi gaskiya: ya ce PES 2021 sabunta kakar wasa ce kawai, ya kuma rage mata kuɗi.

To yaya ake gane ci gaba na gaske? Ana duba abin da ya canza a hannu. FIFA 16 ta shigo da ƙungiyoyin mata na ƙasashe. FIFA 17 ta koma kan sabon inji mai suna Frostbite, ta kuma kawo labarin matashin ɗan wasa Alex Hunter, wanda mai bugawa ke bi da shi mataki-mataki. Waɗannan abubuwa ne da babu su a da. Amma da EA ya rabu da hukumar FIFA a 2023, wasan ya koma EA Sports FC 24, abin da ya fi canzawa shi ne sunan da ke jikin kwali.

Don haka mai shagon da ke shirin zuba jarinsa, da uban da ɗansa ya matsa masa a sayi sabuwar fita, su nemi a kunna musu ta bara da ta bana a jere. Su duba yadda ƙwallo ke tafiya, da yadda gola ke fita, da ko wasan zai yi aiki ranar da babu sabis. Idan bambancin bai wuce sabuwar riga da sabon ɗan wasa a Real Madrid ba, ta bara ta wadatar.